Ƙudujin Soyayya: Abin da Kimiyya ta Gano Game da Cin Zarafin Masoya ta Wayar Salula

A farkon watan Satumba na shekarar 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban makarantar sakandare ta garin Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, hukumomi suka ba da umarnin rufe layukan wayar salula a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Aka wayi gari daga Gusau har Talata Mafara da Bakura babu kira, babu saƙo. 'Yan kasuwa suka koka, masu 'yan'uwa a nesa suka shiga damuwa, har wasu kan hau mota zuwa maƙwabtan jihohi don kawai su buga waya.

Bayan an koma karatu, wata ɗalibata 'yar wannan yanki ta zo ofishina a kan sakamakon jarrabawarta, wanda ya daɗe yana yin ƙasa. Muna cikin magana sai zancen rufe layuka ya shigo, na yi mata jaje. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Wallahi Malam, kunya nake ji in faɗa, amma ni a makonnin nan ne na samu barci.” Ashe saurayin da ke neman aurenta yakan kira ta har tsakar dare. In ya tarar tana magana da wani, sai ta yi bayani. Lambar sirrin wayarta tana hannunsa, kuma a duk lokacin da ya ga dama yakan ce ta aiko masa da hoton inda take zaune, don ya tabbatar. Na tambaye ta ko ta taɓa gaya wa wani a gida. Ta ce, “Me zan ce, Malam? Bai taɓa zagina ba, bai taɓa dukana ba. Ya ce so ne ya kawo haka, ni ma da haka na ɗauka.”

Wannan magana tata ita ce mafarin wannan maƙala. Za mu duba abin da masana suka gano game da cin zarafin da ke faruwa tsakanin masoya ta hanyar waya da intanet, da abubuwan da ke da alaƙa da shi, da kuma dalilin da ya sa sa-idon da ake yi wa kallon so yake girma maimakon ya lafa.

Daga Ƙofar Gida Zuwa Aljihu

Kafin mu shiga ɗakin gwaji, ya kamata mu waiwayi yadda zance yake a da. Saurayi yakan zo ƙofar gidan su yarinya bayan la'asar ko bayan isha'i, ya aika yaro a yi masa sallama da ita. Akan shimfiɗa tabarma a zaure ko a gindin bango, inda masu wucewa ke gani, sau da yawa kuma da ƙanwa ko ƙawa a kusa. In dare ya yi, uba ya yi gyaran murya, zance ya ƙare. Wato dai zance yana da wuri, yana da lokaci, yana kuma da shaidu. Wanda ya ɗaga wa yarinya murya, unguwa za ta sani kafin gari ya waye.

A watan Agusta na 2001 kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya. A tsakiyar shekarun 2000 aka shigo da kiran tsakar dare na kyauta, wanda manyan yau ba su manta da shi ba. Daga baya 2go ta yi tashenta, sannan Facebook da WhatsApp da TikTok suka mamaye. A yau a kasuwar Talata ta Mafara, ko a bakin gonakin shinkafar da ke shan ruwan Bakolori, da wuya ka rasa matashi riƙe da waya. Alherin wannan ba ya ƙirguwa: manomi na jin farashi, ɗalibi na samun littafi, matafiyi na sanar da gida ya sauka lafiya. Sai dai zance ya tashi daga zaure ya koma aljihu, ya kuma baro abubuwan nan uku a baya. Yanzu ba shi da wuri, ba shi da lokacin tashi, kuma babu mai gani.

Mene ne Cin Zarafi ta Waya?

A shekarar 2015 wasu masana halayyar ɗan'adam a ƙasar Sifen, ƙarƙashin jagorancin Erika Borrajo, suka tsara jerin tambayoyi don auna wannan ɗabi'a a tsakanin matasa. Sakamakonsu ya nuna cewa ta kasu gida biyu.

Gida na farko shi ne farmaki kai-tsaye. A nan ake samun zagi da barazana ta saƙo, da yaɗa ƙarya a kan masoyi a zaurukan WhatsApp, da shiga shafinsa a yi rubutu da sunansa don a kunyata shi, da watsa hotuna ko sirrin da aka ba mutum amana. Wannan kowa ya gan shi ya san mugunta ce.

Gida na biyu shi ne sa-ido da juya akalar mutum. Misalansa su ne karɓar lambar sirri, da binciken saƙonni a ɓoye, da lura da lokacin da mutum ya hau intanet da lokacin da ya sauka, da kira babu ƙaƙƙautawa don a san inda yake, da tilasta masa goge wasu lambobi. Abin lura shi ne, a binciken na Sifen waɗanda suka fuskanci farmaki kai-tsaye 'yan tsiraru ne, amma sa-ido ya shafi mafi yawan waɗanda aka tambaya, kuma da yawansu masu yi ne, ana kuma yi musu. Abu ne da ya zama ruwan dare har aka daina ganin aibinsa.

Wani babban bincike kuma shi ne wanda Janine Zweig da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2013, inda suka tambayi ɗaliban sakandare fiye da 5,600 a jihohi uku. Daga cikin waɗanda ke da saurayi ko budurwa, kashi 26 cikin ɗari sun ce an ci zarafinsu ta waya ko intanet a cikin shekara guda. Daga cikin waɗannan kuma, kashi 84 cikin ɗari sun fuskanci muzgunawa a zahiri, fiye da rabinsu an taɓa lafiyar jikinsu. 'Yan mata sun ninka samari wajen fuskantar matsin da ya shafi hotunan tsiraici. Waɗanda suka nemi taimako kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Waɗannan alƙaluma na Amurka ne, don haka ba za a kwaso su a ɗora wa Bakura ko Maradun ba. Darasin da ke cikinsu shi ne wanda ya shafe mu: cin zarafi ta waya ba ya tafiya shi kaɗai, kuma masu fama da shi sukan yi shiru.

Abin da ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa

Bahaushe ya ce so hana ganin laifi. Masana sun leƙa cikin ƙwaƙwalwa don su ga dalili. A 2005 Arthur Aron da Helen Fisher da Lucy Brown suka sa mutum 17 da ke cikin sabuwar soyayya a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna wa kowa hoton masoyinsa. Sassan da suka motsa su ne masu aiki da wani sinadari da ake kira dofamin. Aikin dofamin shi ne zaburar da halitta ta nemi abin da take bukata. Shi ke sa mai jin yunwa ya tashi neman abinci, kuma a kan wannan hanya tasa miyagun ƙwayoyi ke bi su kama mutum. Ke nan sabon masoyi yana ɗauke da wani irin ƙishi, wanda saƙo ɗaya daga masoyinsa ke kashewa na ɗan lokaci.

Ɗaya ɓangaren shi ne zafin ƙi. A 2011 Ethan Kross na Jami'ar Mishigan ya gwada mutum 40 waɗanda masoyansu suka rabu da su ba da son ransu ba. Ya nuna musu hotunan tsofaffin masoyan, a wani lokacin kuma ya ɗora musu abu mai zafi a hannu. Sai ya tarar wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke amsa zafin fata su ne kuma ke amsa zafin rabuwa. Ashe da Bahaushe ke cewa “abin ya ƙona mini rai” bai yi nisa da gaskiyar halitta ba.

To, wa ke riƙe da linzamin waɗannan abubuwa? Mutanen wannan yanki sun san madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, take kuma shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun. Amfanin madatsar yana ga ƙofofinta. In ana buɗe su da lissafi, ruwa ya zama shinkafa da albasa. In suka kasa, ruwan nan dai shi zai zama ambaliya. A jikin mutum, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne mai tsaron ƙofa. Shi ke cewa, “Dakata, auna abin da zai biyo baya.” Binciken hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali sassan sha'awa da fushi suna cika da ƙarfi tun daga balaga. Saboda haka matashi ɗan shekara 17 tamkar madatsa ce cike da ruwan damina, wadda ba a gama ɗaura wa ƙofofi ba. A da, kafin saurayin da ya fusata ya taka daga unguwarsu zuwa ƙofar gidan su yarinya, zuciyarsa ta ɗan sanyaya. A yau tsakanin fushi da aika saƙo bai wuce ƙiftawar ido ba, kuma magana zarar bunu ce.

Me ya sa Duba Waya ba ya Kashe Kishi?

Mai sa-ido yakan ce, “In na duba na ga babu komai, hankalina zai kwanta.” Gwaji ya nuna akasin haka. A 2009 Amy Muise da abokan aikinta na Jami'ar Guelph a ƙasar Kanada suka binciki ɗalibai 308, suka tarar yawan zama a Facebook yana tafiya tare da yawan kishi, kuma abin yana zagayawa ne kamar jakin da aka ɗaure a turke. Mutum ya duba, ya ga abin da bai gane ba, zargi ya taso, ya sake dubawa.

Dalili kuwa shi ne waya tana ba da guntun labari ne kawai. Tun daga Nuwamba 2014, WhatsApp ke nuna alama shuɗiya guda biyu in an buɗe saƙo. Amma alamar ba ta cewa yarinya tana tuƙa tuwo, ko ƙaninta ne ya ɗauki wayar, ko caji ya ƙare, ko sabis ya ɗauke kamar yadda ya saba a ƙauyukanmu. Ƙwaƙwalwa ba ta son giɓi, sai ta cike shi da abin da ta fi tsoro.

Akwai kuma wani tsohon gwaji da ya ƙara haskaka lamarin. A shekarun 1950 B. F. Skinner na Jami'ar Harvard ya koya wa tattabaru tsattsagar wani maɓalli don su sami hatsi. Ya gano cewa tattabarar da ke samun hatsi jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe zai fito ba, ita ta fi naci, kuma ita ta fi wuyar dainawa. Haka mai binciken waya yake. Sau tara bai ga komai ba, ya ɗan ji sanyi. Na goma ya ga wata baƙuwar lamba, zuciyarsa ta ce, “Ka gani ko?” Sanyin da yake ji yana koya masa ya sake dubawa, abin da yake tsinta jefi-jefi kuma yana hana shi dainawa. A ɗaya gefen, wanda ake bincika yakan fara goge saƙonni marasa laifi don gudun fitina, gogewar kuma ta zama sabuwar hujjar zargi. Da haka ake tashi daga tambaya zuwa umarni, daga umarni zuwa barazana.

Abubuwan da ke da Alaƙa da Matsalar

Ba kowane mai waya ke cin zarafin masoyinsa ba. Masana sun gano wasu abubuwa da ke ƙara yiwuwar hakan.

Na farko, irin shaƙuwar da mutum ya taso da ita. A tsakiyar shekarun 1950 Mary Ainsworth ta zauna da iyalai a kusa da Kamfala ta ƙasar Yuganda tana lura da jarirai da iyayensu mata. Ta ga wasu jariran sun aminta cewa in uwa ta fita za ta dawo, wasu kuwa kullum a firgice suke. A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka nuna cewa manya ma haka suke a soyayya: fiye da rabi masu natsuwa ne, kimanin ɗaya cikin biyar kuma masu fargabar a guje su. Bincike daban-daban ya nuna cewa wannan rukuni na masu fargaba ya fi faɗawa cikin binciken wayar masoyi. Sau da yawa mai tsananin sa-ido matsoraci ne da ya yafa rigar iko.

Na biyu, abin da yaro ya gani a gida. Tun 1961 Albert Bandura ya nuna cewa yaran da suka ga babba yana dukan 'yar tsana su ma sukan kwaikwaya. Yaron da ya tashi yana ganin ana tsawa da ƙwace a tsakanin iyayensa yakan ɗauka haka zama yake.

Na uku, abin da mutum ya gaskata game da so. Masu ganin cewa kishi shi ne ma'aunin ƙauna sun fi yin sa-ido, sun kuma fi yarda a yi musu. Mu a nan mun ce kishi kumallon mata, amma a waya maza ma na fama da shi, kuma duka ɓangarorin biyu suna yi wa juna. Bambancin yana ga nauyin abin da ke biyo baya.

Na huɗu, rashin ganin fuska. John Suler ya bayyana a 2004 yadda mutane kan saki baki a intanet fiye da yadda za su yi ido da ido. A zaure, hawayen yarinya ko sunkuyar da kanta kan sa saurayi ya sassauta. Allon waya ba ya nuna hawaye. In aka haɗa wannan da shaye-shaye, wanda ke raunana mai tsaron ƙofar nan na bayan goshi, abin sai ya ƙara muni.

Na biyar, fifikon abin hannu. Inda saurayi ne ya sayi wayar, shi ke sa kati da data, yakan ji kamar ya sayi abin da ke cikinta har da mai riƙe da ita. Yarinyar ma takan ji nauyin ta ce a'a.

Na shida, tsoron tonon silili, wanda shi ne makami mafi kaifi a ƙasar Hausa. A 2007 wani bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da wayar salula, ya bazu a Kano daga waya zuwa waya. Abin ya kai ga dakatar da shirya finafinai na tsawon watanni a jihar, ita kuma sunanta ya shiga bakin duniya fiye da na kowa a cikin lamarin. Kowace yarinya ta san darasin: in hoto ya fita, ita za a nuna da yatsa, aurenta da karatunta da sunan gidansu su ne a kan faifai. Wannan sani shi ke ba mai barazana ƙarfi, shi ke kuma rufe bakin wadda ake yi wa.

Wajibi ne a ja hankalin ɗalibin kimiyya a nan. Samun alaƙa tsakanin abubuwa biyu ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Da yawa sun tashi a gidajen rikici sun zama masu tausayi. Waɗannan abubuwa suna bayyana inda haɗari ya fi yawa, amma ba sa wanke mai laifi.

Illa ga Jiki da Karatu

Mai karatu zai iya cewa, “Ai saƙo ne kawai, ba sanda ba.” Jiki bai san wannan bambanci ba. In mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa kan aika umarni ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru a jini, narkar da abinci ya dakata. Wannan shiri ne mai kyau ga wanda ya ci karo da maciji a gona, domin bayan mintoci kaɗan haɗari ya wuce, jiki ya koma daidai. Amma wadda gabanta ke faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara, macijinta a ƙarƙashin matashin kai yake kwana. Daɗewa a cikin wannan hali yana tafiya da ciwon kai, da ɓacin ciki, da raunin garkuwar jiki, da ciwon damuwa.

Sai kuma barci. Likitoci sun ƙiyasta cewa matashi na bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. A lokacin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka koya da rana ta adana shi a rumbun dogon tunani. Ɗalibar da ke amsa tambayoyin saurayi har ƙarfe biyu na dare, ko da ta zauna a aji da safe, tamkar mai zuba ruwa a kwando take. Abin da ya sami ɗalibar da na ambata a farko ke nan.

Matsayin Doka da Addini

Dokar Laifukan Intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci a sashe na 24 ga mai aika saƙon batsa, da mai aika barazanar da ke jefa wani cikin tsoron kisa ko rauni, da mai barazanar ɓata sunan wani don ya tatse shi. Sashe na 23 kuma ya haramta ɗauka ko ajiye ko yaɗa hoton tsiraicin wanda bai kai shekara 18 ba. Ɗaliban sakandare su lura da wannan da kyau: wanda ya tura irin wannan hoto zuwa wani zaure, ko da ba shi ya ɗauka ba, ya shiga cikin laifin.

A Zamfara, inda aka fara aiki da dokokin shari'ar Musulunci a Janairu 2000, jifan mutum da zina ba tare da shaidu ba laifin ƙazafi ne. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat kuma ta haɗa abubuwa uku a hani guda, wato yawan zato, da binciken sirrin mutane, da yi da mutum a bayansa. Mai lura zai ga cewa jerin nan shi ne matakan da muka bayyana a sama.

Abin Yi

Ga ɗalibai, akwai tambayoyi uku da kowa zai yi wa kansa. Shin gabana na faɗuwa in na ga kiransa ko kiranta? Shin na daina magana da 'yan'uwa ko ƙawaye don gudun fushinsa? Shin akwai abin da nake yi don kawai ina tsoron a tona mini asiri? In amsar ɗaya ta zama i, lokacin magana da babba ya yi. Kada a ba kowa lambar sirri, kuma a kunna matakin tsaro na biyu da ke cikin WhatsApp, a riƙa duba jerin na'urorin da aka haɗa da shi. Kada a aika hoton da ba za a so iyaye su gani ba, domin abin da ya bar wayarka ya bar ikonka. In an yi barazana, kada a goge saƙon, shi ne shaida. Kada kuma a biya kuɗi ko a ƙara aika wani hoto, domin mai tatsa ba ya ƙoshi. Akwai shafin Take It Down na 'yan ƙasa da shekara 18, da StopNCII na manya, waɗanda ke taimakawa wajen toshe irin waɗannan hotuna a Facebook da Instagram da TikTok ba tare da hoton ya bar wayar mai shi ba, kodayake ba sa kaiwa ga saƙonnin WhatsApp.

Wanda kuma ya ga kansa a cikin masu sa-ido, ga ɗan gwaji. Har tsawon mako guda, ka rubuta sau nawa ka duba, ka kuma auna damuwarka daga 1 zuwa 5 kafin dubawa da awa guda bayanta. In dubawa magani ce, alƙaluman za su riƙa sauka. In ka ga suna hawa, to ka gano gaskiyar da kanka. Daga nan ka koyi jinkirta saƙon fushi har sai ka yi alwala ko ka zaga unguwa, don mai tsaron ƙofa ya samu ya iso.

Ga malamai, darasin sinadaran jiki da tsarin jijiyoyi da ke cikin manhajar nazarin halittu ƙofa ce ta shigo da wannan batu ba tare da an kunyata kowa ba. A lura da ɗalibin da ke gyangyaɗi, ko wadda ta janye daga ƙawayenta, ko makinta ya faɗi ba dalili. In ɗaliba ta kawo kuka, kalmar farko ita ce mafi muhimmanci. Wadda aka tarba da “Me ya kai ki?” ba za ta sake dawowa ba, ƙawayenta ma ba za su zo ba. Iyaye kuma su sani cewa ƙwace waya kaɗai ba ya magance komai in yarinya ta fi tsoron gida a kan mai yi mata barazana.

Kammalawa

Kowane manomin dawa da gero a ƙasar Mafara ya san ƙuduji. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsira sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ke fitarwa. Daga nan ya manne mata a ƙarƙashin ƙasa yana tsotse ruwa da abinci, kuma kafin ya ɓullo a gan shi ya riga ya yi mafi yawan ɓarnarsa. In ya fito kuwa, sai ya yi fure mai ban sha'awa, wanda baƙo zai ɗauka ado ne. Haka sa-ido yake a tsakanin masoya. A jikin so yake tsira, a ɓoye yake ci, kuma kyakkyawan suna yake fitowa da shi. Manomi ba ya jira ƙuduji ya zubar da iri kafin ya tumɓuke shi.

Ɗalibar nan ta gaya wa yayar mahaifinta, manya suka zauna, aka kira yaron aka yi masa magana. Ta canza lambar sirrinta, ta kuma gama karatunta. Allah Ya sa mu dace.